Ganuwa ko Mafaka

A majami'armu ta Unguwar Jatau,
can bayan Sumaila, inda kwalta ta gaji ta koma,
littafi biyu ne a kan teburi.
Ɗaya tsoho, gara ta ci gefensa,
an ɗinke bayansa da zaren buhu.
Ɗaya sabo, Ishaku ya zo da shi daga birni,
har yanzu yana ƙanshin kanti.

Ran Lahadi aka buɗe su a wuri guda.
Tsohon ya ce Ubangiji ganuwa ne.
Sabon ya ce mafaka.
Shi ke nan, tuwon rana ya huce a akushi.

Baba Ɗanbaƙi ya buga sanda a ƙasa:
"Ganuwa ta mayaƙa ce, a bayanta ake ɗana kibiya.
Mafaka fa? Ta wanda ya yar da kwari ya arce.
Shekara arba'in ina zaune kan kalmar nan,
yau yaro zai janye mini ita kamar tabarma?"
Ishaku ya ce, "Baba, masana ne suka zauna,
suka koma harshen asali."
"Masanan sun taɓa kwana kusa da tsamiyarmu?"

Ba wanda ya yi dariya.
Kowa ya san abin da Baba ya bari a gindinta:
tulun ubansa, da baƙin bunsuru duk kaka,
bashin da ya daina biya tun ba a haife ni ba.

Laraba da dare, ana tsakiyar marka,
zazzaɓi ya kayar da Asabe, jikarsa.
Ido ya juye, haƙora suka datse.
Rafi ya kawo, ba babur mai ƙetarewa.
Na ga Baba a bakin ƙofa yana kallon kudu,
leɓensa na rawa.
Ya ce suna kira, wai a kawo nasu.
Akwai bunsuru a turke.
Ya dube shi.
Sau biyu ya dube shi.

Ishaku ya shigo da sabon littafi a leda,
tocila ta mutu tun bai kai ayar ba.
Tsohon yana majami'a, a kulle.

Sai Iya Kande, wadda ko bihim ba ta sani ba,
ta jiƙa tsumma ta miƙo mini: "Goga mata."
Ta kife ƙwarya, ta ɗauki ludayi,
ta fara yabo da muryarta mai kama da ƙyauren langa-langa.
In ta zo wurin, ta ce ganuwa.
In ta kewayo, ta ce mafaka.
Can tsakar dare ta ce rumbu,
ta ce zanin goyo,
ta ce inuwar da ba ta bin mutum bashi,
kalmomin da babu su a kowane bugu.

Muka karɓa, ni da Ishaku da matan gida.
Ruwa na dukan kwano, muna dukan ƙwarya.
Ban ga aljani ya gudu ba, kada in yi ƙarya.
Abin da na gani:
Baba ya juya wa kudu baya,
ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara,
ya shiga amshi a makare, kamar mai bin sawun garma.

Da asuba rafi ya ja da baya.
Muka kai ta asibiti a bayan Tanimu,
aka yi mata allura, aka ɗaura ruwa.
Ran Asabar ta nemi kunu.
Bunsuru na nan, yana cin dusarsa.

Lahadi suka ɗora daga inda suka tsaya.
Iya ta wuce su da tsintsiya, ta ce,
"In hadari ya tsuge maka a daji,
tsayawa kake ka tambayi bukka sunanta?"
Baba ya ce, "Ganuwa dai."
Amma ya matsa wa Ishaku a benci,
ya ce ya sake karanto masa wurin,
a hankali,
kunnen hagu ne mai ji.